Tafiya a jirgin sama da na'urar CPAP: tambayoyi da amsoshi

Wanda likita ya ɗora a kan na'urar CPAP, wato injin da mai ciwon ɗaukewar numfashi a barci ke kwana da shi, yakan saba da ita a gida cikin 'yan makonni. Sai ranar da tafiya ta taso, Umara ko ganin likita a Alƙahira ko ziyarar 'ya'ya a Ingila, tambayoyi su taru masa: a wace jaka za ta shiga, za a bar shi ya wuce da ita, batir fa, ruwa fa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu. Dokokin kamfanonin jiragen sama suna sauyawa, don haka duk abin da ka karanta a nan ka haɗa shi da abin da kamfanin da ya sayar maka da tikiti ya faɗa.

Kwana uku kacal zan yi. Ba sai in bar ta a gida ba?

Kada ka bar ta. Na'urar ba ta warkar da ciwon, riƙe shi take yi a daren da aka sa ta kawai. Mai wannan lalura naman maƙogwaronsa ne ke saki idan barci ya yi nauyi, hanyar iska ta toshe, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da shi kaɗan ya ja iska, ya koma, abin ya sake faruwa. Wanda nasa ya yi tsanani hakan na faruwa gare shi sau 30 ko fiye a cikin awa guda. Na'urar tana hura iska ne da ɗan ƙarfi ta cikin tiyo da takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe, dabarar da likitan Ostireliya Colin Sullivan ya fito da ita a farkon shekarun 1980. Da zarar an ajiye ta, ga mafi yawan mutane toshewar takan dawo a daren farko ko na biyu, tare da minshari, ciwon kai da safe, da gyangyaɗi da rana. Mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ya fi kowa asara. Kuma ka tuna abin da ya kai ka: idan za ka tuƙa mota a baƙon gari, ko za ka yi ɗawafi da sa'ayi a cikin cunkoso, barcin kirki kake bukata fiye da lokacin da kake gida.

A jakar hannu zan sa ta ko a babbar jakar da ake aunawa?

A hannunka, kullum. Wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a shafin nan. Jakar da aka auna aka sa mata lamba jifa ake yi da ita, ana ɗora wasu a kanta, tana iya zama a rana ko a ruwan sama a filin jirgi, kuma tana iya sauka a wani gari daban ko ta biyo ka bayan kwana biyu. Idan kaya ne na sawa, sai ka shiga kasuwa ka sayi wasu. Na'urar da aka saita daidai da maƙogwaronka ba a samunta haka a dare ɗaya, kuma a ƙasashe irin su Amurka ba za a sayar maka da ita ba sai da takardar likita.

Ba injin kaɗai ba. Takunkumi, tiyo da wayar wuta duk su kasance tare da shi, domin rashin ɗaya daga cikinsu daidai yake da rashin na'urar gaba ɗaya.

Za a lissafa ta cikin kilon jakar hannuna?

A nan ne aka fi samun saɓani, saboda mutane suna karanta dokar Amurka a intanet su ɗauka ta duniya ce.

A Amurka maganar a rubuce take. Dokar hana nuna bambanci ga masu lalura a jiragen sama ta 1986, da ƙa'idojin da ma'aikatar sufurin ƙasar ta fitar a ƙarƙashinta, sun ce kayan taimakon lafiya ba sa shiga lissafin jakar hannu, kuma ba a karɓar kuɗi a kansu. Wannan ya shafi kamfanonin Amurka a ko'ina suke tashi, da kamfanonin wasu ƙasashe a tafiyar da ta tashi daga Amurka ko za ta sauka a can. Sharaɗin shi ne jakar ta kasance ta kayan lafiya zalla. Idan ka cusa riguna, turare da tsarabar yara a gefen injin, suna da damar lissafa ta a matsayin jakar hannu kamar kowace.

A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 1107 ta shekarar 2006, wadda ta wajabta wa kamfanoni ɗaukar kayan lafiyar fasinja ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma Birtaniya ta ci gaba da aiki da irinta bayan ta fice daga tarayyar. Sai dai a can an fi son a sanar da kamfani awa 48 kafin tashi. Kamfanonin tikiti mai araha su suka fi tsanantawa: Ryanair, alal misali, sai ka tuntuɓe su tun da wuri sun ba ka takardar izinin ƙarin jaka, ka nuna ta a ƙofar shiga jirgi.

Wanda zai tashi daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai zuwa Jidda, Dubai, Alƙahira ko Adis Ababa, abin da zai dogara da shi shi ne ƙa'idar kamfanin da ya ɗauke shi. Da yawa daga cikin manyan kamfanoni suna barin na'urar a matsayin ƙari, amma kada ka je da zato. Ka rubuta musu ta imel ko ka sa wakilin da ya yanka maka tikiti ya shigar da bayanin a rajistar tafiyarka, sannan ka buga amsar a takarda. Ma'aikacin da ke kan teburin awo da asuba ba lallai ne ya taɓa ganin irin wannan na'ura ba, kuma takarda mai tambarin kamfaninsa ta fi dogon bayani saurin gamsar da shi. Idan tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu, kowanne sai an tambaye shi daban.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Wasiƙar likita a kan takardar asibiti mai hatimi, da ta faɗi sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan ciwon, da cewa dole ne na'urar ta kasance tare da kai. Ta zama da Turanci. Wanda likitansa ya rubuta da Faransanci, kamar 'yan Nijar da Kamaru da Chadi, ya nemi a yi masa ta biyu da Turanci. Sai takardar da ke nuna ƙarfin iskar da aka saita maka. Yawancin na'urori suna aiki ne tsakanin 4 da 20, kuma sanin lambarka shi zai sa a iya saita maka wata idan taka ta sami matsala. Na uku, takardar da kamfanin da ya ƙera na'urar yake bayarwa mai tabbatar da cewa ta cika sharaɗin aiki a cikin jirgi. ResMed da Philips suna ajiye irinta a shafukansu na intanet. Ka juya ƙasan injin ma, sau da yawa akwai ɗan hoton jirgi ko rubutun da ke nuna hakan. Ka ɗauki hoton duka a waya, har da lambar jikin injin.

Akwai filayen jirgi da yawa da ba wanda zai tambaye ka ko ɗaya. Ranar da aka tambaya ce ake riƙe su dominta.

Me zai faru a wurin bincike?

Za a haska ta a na'urar duba kaya kamar yadda ake yi wa kwamfuta. A Amurka hukumar binciken fasinjoji a filayen jirgi, TSA, ta ce a fitar da injin daga jakarsa a sa shi a tire, takunkumi da tiyo kuma su zauna a jaka. A wasu ƙasashen ma haka aka fi yi. Tiren nan takalma da bel da wayoyin dubban mutane sun bi ta cikinsa, kai kuma iskar da ta ratsa injin nan ita za ka shaƙa duk dare, saboda haka ka tanadi farar leda mai nuna abin da ke ciki, ka sa injin a ciki tun daga gida. Wani lokaci jami'i zai goga ɗan ƙyalle a jikinsa don gwajin abubuwan fashewa. Ba zargi ba ne, aikinsu ne. Kana da damar roƙonsa cikin ladabi ya sauya safar hannu kafin ya taɓa. Hasken na'urar binciken ba ya lalata injin, ba ya kuma goge bayanan da ke cikin ɗan katinsa.

Ka faɗa tun kafin jakar ta shiga: na'urar numfashi ce ta barci. Ka kuma je filin jirgi da ɗan sauran lokaci.

Jami'i ya ce ba a shiga jirgi da iskar oksijin. Me zan ce masa?

Ka ce masa babu oksijin a cikinta. CPAP fanka ce ƙarama da ke jan iskar ɗaki ta tura ta cikin tiyo. Ba tukunyar gas ba ce, babu abin da aka matse a ciki. Tukunyar oksijin ta mutum ita ce ake hanawa ko a sa mata sharuɗɗa masu tsauri, injin tace oksijin na hannu shi ma dokarsa daban. Idan aka rikita su, buɗe jakar ka nuna wasiƙar likita, idan abin ya ƙi ka nemi a kira shugaban masu binciken. Ɗaga murya ba ya buɗe ƙofa a filin jirgi.

Zan iya kunna ta in yi barci a cikin jirgi?

Ɗauka daban, amfani daban. Ɗauka kusan ko'ina an yarda. Kunnawa a sama sai da sanin kamfani, kuma yawanci suna son sanarwar awa 48 aƙalla. Wasu sai likitanka ya cike fom ɗinsu. Ƙa'idar Amurka ta tilasta wa kamfanoni barin fasinja ya yi amfani da ita idan tana da shaidar cika sharaɗi, amma ta ba su damar neman wannan sanarwa, da neman ka zo wurin rajista awa guda kafin sauran fasinjoji.

Ka tambayi kanka ko kana bukata. Tafiyar Kano zuwa Legas ko Abuja zuwa Akara ba ta kai a yi wannan wahala ba. Ta Kano zuwa Jidda ma, idan da rana ce, mutum zai iya zama a farke. Amma tafiyar dare ta awa 12 daga Legas zuwa Atlanta, ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, ta cancanci a shirya mata. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato oksijin da ke shiga jini ya ɗan ragu tun kana farke, sai kuma toshewar barci ta ƙaru a kai. Barcin zaune yana rage toshewar ga wasu, amma ba ya kawar da ita.

Idan za ka kunna: nemi kujerar taga don kada tiyo ya tare wa maƙwabci hanya, ba za a ba ka kujerar ƙofar gaggawa ba, ka sa na'urar a yanayin jirgi don ta daina neman sabis, ka gaya wa ma'aikatan jirgi tun da ka zauna, kuma ka ajiye ta lokacin tashi da sauka idan sun ce haka. Tankin ruwan na'urar, wanda ke sa wa iskar damshi, ya zama babu komai a ciki. Jirgi yana iya girgiza ba zato, ruwan ya bi tiyo zuwa hancinka ko ya koma cikin injin.

Akwai soket a kujera. Bai isa ba?

Kada ka dogara da shi. Ba kowane jirgi ke da shi ba, ana iya sauya jirgi a ranar tafiya, kuma wanda ke akwai an yi shi ne don waya da kwamfuta, yakan yanke idan aka ja wuta da yawa. Wasu kamfanonin ma sun hana haɗa kayan lafiya da shi. Shi ya sa duk mai son amfani da na'urar a sama ake ce masa ya zo da batir.

To, wane irin batir aka yarda da shi?

A nan ne aka fi ƙwace wa mutane kaya, don haka a karanta a hankali. Dokar batirin litiyam kusan ɗaya ce a duniya, domin daga hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ICAO, da ƙungiyar kamfanonin jirage, IATA, take fitowa. Ana auna shi da ma'aunin da ake rubutawa Wh a jikinsa. Wanda bai wuce 100 ba yana shiga jakar hannu. Daga sama da 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma guda biyu ne iyaka. Wanda ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja a kayanka, ko a hannu ko a jakar awo. Batirin da ba a cikin na'ura yake ba kuwa, komai ƙanƙantarsa, haramun ne a sa shi a jakar awo, saboda idan ya kama wuta a can ƙasa babu mai ganinsa da wuri. A rufe bakinsa da salatif ko a sa kowanne a jakarsa don kada ƙarfe ya taɓa shi.

Idan ba a rubuta Wh ba, ga lissafin: ka ninka lambar mAh da lambar V, ka raba da 1,000. Batirin cajin waya mai 20,000 a kan 3.7 ya zama 74, ya wuce. Mai 27,000 yana daf da 100. Mai 50,000 ya kai 185, ba zai hau ba. Manyan akwatunan ajiyar wuta da mutane da yawa ke kwana da su a gida saboda ɗaukewar lantarki, masu 300 ko 500, su ma ba sa tafiya. Wannan ya fi shafar mu, domin mai CPAP a Najeriya ko Nijar da wuya ka same shi ba shi da irin wannan a gefen gado, kuma abu ne mai sauƙi ya ɗauka zai tafi da shi. Da yawa daga cikin batiran da aka ƙera musamman don CPAP da gangan ake tsayar da su ƙasa da 100. Na ResMed mai suna Power Station II, misali, 97 ne. Batirin da rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙin karɓarsa ko da ƙarami ne.

Ga mai son kunnawa a sama, ƙa'idar Amurka, wadda kamfanoni da yawa suka ara, ta ba da damar a nemi cajin da zai kai tsawon tafiyar da rabinta. Tafiyar awa 6 batirin awa 9, ta awa 12 batirin awa 18. Abin da ya fi shan wuta shi ne ɗumama ruwa da ɗumama tiyo. Ka kashe su biyun, batirin zai daɗe sosai. Ka gwada a gida dare ɗaya ko biyu ka ga awa nawa yake kai ka a kan lambar iskarka, domin mai lamba 14 ba zai sami abin da mai lamba 7 yake samu ba.

Wani abu kuma: tun bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni da dama sun tsananta a kan batirin cajin waya. Emirates ta hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025, ta kuma taƙaita shi zuwa guda ɗaya. Saboda haka ka bayyana wa kamfani a rubuce cewa naka batirin na'urar lafiya ne, ka faɗi sunansa da lambar Wh, su ba ka amsa a rubuce.

Ruwan tankin fa? An ce sai tataccen ruwa.

Ka zubar da na ciki, ka shanya tankin kafin ka haɗa kaya. Ruwan da ya rage shi ne ya fi kashe injin a hanya.

Dokar ruwa a jakar hannu, wadda aka kafa tun 2006, mililita 100 ce a kowace kwalba a yawancin filayen jirgi. Akwai sassauci ga ruwan da ya shafi magani, amma jami'in da ke wurin ne mai yanke hukunci, kuma ban ga amfanin jayayya a kan ruwa ba. Idan ka sauka ka nemi tatacce, wanda ake kira distilled water, a kantin magani. Idan babu, ruwan gora na sha zai yi na 'yan kwanaki. Illarsa farin gishirin da yake bari a tanki, wanda ruwan khal da aka sirka ke wankewa. Ka riƙa sauya ruwan kullum. Ruwan da ake zuba wa batirin mota, ko da an ce tatacce ne, kada ya kusanci na'urarka, don ba ka san a wace jarka aka ajiye shi ba, kuma wani yana da asid. Kada a ɗiga turare, man zafi ko wani mai a tanki. Ruwan Zamzam ma a bar shi ga sha, yana da ma'adinai da yawa da za su daskare a tankin. Na'urar tana aiki ko babu ruwa, sai dai hanci da maƙogwaro su bushe.

An ce wurin ajiya ya cika, a miƙa jakunkuna a gindin jirgi. Ya zan yi?

Wannan yana yawan faruwa a ƙananan jiragen cikin gida, irin su Embraer 145, CRJ da masu farfela, inda akwatin sama ba ya ɗaukar jaka mai taya. Shi ya sa ya fi kyau na'urar ta kasance a jakarta ta asali, wadda ke shiga ƙarƙashin kujerar gabanka. Idan a cikin babbar jakar hannu ka sa ta aka ce a miƙa, tsaya gefe ka ciro ta, da batira, da magungunanka, sannan ka miƙa sauran. Ka ce kayan lafiya ne. Idan kamfanin yana barin masu lalura su riga shiga, yi amfani da damar.

Wutar ƙasar da zan je za ta ƙona ta?

Duba rubutun da ke jikin akwatin wayar wutar. Na'urorin zamani kusan duka an rubuta musu 100 zuwa 240, wato suna karɓar wutar Amurka mai 120 da tamu mai 230 ba tare da taransifoma ba. Bakin filogi ne kawai ke bambanta. Mai ƙafa uku masu faɗi da ake amfani da shi a Najeriya da Ghana shi ne na Ingila, Saudiyya da Dubai. Nijar, Kamaru, Chadi, Faransa da Masar masu ƙafa biyu zagayayyu ne. Amurka nata daban. Ka sayi adafta mai kyau, ka kuma ɗauki doguwar wayar ƙari, domin a otal da yawa soket yana nesa da gado.

Za mu kwana a Adis Ababa kafin mu wuce. Tsayin garin yana da tasiri?

Adis Ababa tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, Nairobi kusan 1,800. Sababbin na'urori suna daidaita kansu. ResMed ta ce na'urarta mai suna AirSense 10 tana aiki har zuwa kimanin mita 2,590. Tsofaffi ne ake saita musu tsayi da hannu, sai a duba littafinsu. Wannan kwanan hanya ma wani dalili ne na riƙe ta a hannu, domin jakar awo takan wuce kai tsaye ba ta biyo ka otal ba.

Mahaifina zai tafi aikin Hajji da ita. Me za mu shirya masa?

Ku fara da hukumar alhazai ta jiharku da likitocin da ke tantance maniyyata, tun kafin a fara jigila. Jiragen alhazai suna tsananta awo, musamman a dawowa, kuma jakar hannun da aka saba ba su ta kilo 8 ce. Injin da jakarsa da wayarsa za su iya cin kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan, don haka ku nemi a rubuta cewa kayan lafiya ne, Baba ya riƙe kwafi a jakar wuyansa tare da fasfo. A liƙa sunansa, jiharsa da lambar wayar ɗan rakiya a jikin jakar da jikin injin.

A masaukin Makka da Madina babu matsala sai ta soket, ɗaki ɗaya mutum huɗu ko fiye, kowa da wayarsa. Wayar ƙari mai baki da yawa tana kashe wannan rigima. Wahalar tana kwanakin Mina da daren Muzdalifa. A tantunan Mina akwai wuta, amma soket kaɗan ne a kan mutane masu yawa, sai a yi magana da shugaban tanti tun ranar farko a ba shi shimfiɗa kusa da ɗaya. Muzdalifa kuwa fili ne, a tafi da shirin babu wuta: ko batirin da aka cika da caji, ko kuma a tambayi likitansa tun a gida yadda zai yi dare ɗaya babu ita. Abin da aka saba faɗa shi ne kwanciya a gefe, ɗaga kai da kafaɗa, da nisantar duk maganin da ke sa barci. Akwai kuma rangwamen da aka yi wa masu rauni na barin Muzdalifa bayan tsakar dare, malamin tawagarsu zai yi masa bayani.

Zafi ma abin lura ne. An ƙera irin AirSense 10 ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Makka kuwa a bazara tana haura 40. Kada a bar ta a rana ko a cikin motar da aka rufe. A tafi da matatar iska biyu ko uku saboda ƙura.

Igiyoyin takunkumin suna bi ta kan kai, shi kuma yana rufe wani ɓangare na fuska, saboda haka hukuncinsa a cikin harami tambaya ce ta gaske. Ku kai wa malami takunkumin ya gani da idonsa, ku gaya masa abin da likita ya ce, ya ba ku amsa tun kuna gida. Kada Baba ya ajiye na'urar don kansa saboda shakka.

Ina jin kunyar sa takunkumi a gaban abokan ɗaki.

Kunyar ta dare ɗaya ce. Ka gaya musu da kanka kafin a kwanta: ina da lalurar numfashi, wannan ce maganinta. Ƙarar injin zamani ba ta kai ta fanka ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai wannan ciwo babu na'ura, yana jin numfashinsa na yankewa yana dawowa da ƙarfi, zai fi kowa son ka sa ta. Ciwon ba baƙo ba ne: wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya kai adadin masu shi a duniya, tsakanin shekara 30 zuwa 69, miliyan 936.

Ya kamata in sayi ƙaramar na'ura ta tafiya?

Idan kana yawan tafiya kuma aljihu zai ɗauka, tana da daɗi. AirMini ta ResMed nauyinta gram 300 ne, kuma ba ta amfani da tanki, wani ɗan faifai ne a bakin tiyo ke riƙe damshin numfashinka. Sai dai tana da tsada, sai takunkumin da ya dace da ita, wasu suna jin ƙarar iskarta ta fi ta babba, kuma batirinta daban ake saya. Mai tafiya sau ɗaya a shekara ta gidansa ta ishe shi. Idan ka saya, likita ya saita ta, ka kwana da ita a gida kafin ranar tafiya.

Masu sayen ta hannu su yi hattara. A Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya rududdugewa a shaƙe shi, kuma zafi da damshi suna ƙara saurin hakan. A duba lambar injin kafin a biya kuɗi.

Zan iya shan maganin barci don in huta a jirgi?

Sai da izinin likitan da ya san kana da wannan ciwo. Magungunan barci, masu kashe zafin ciwo masu ƙarfi, wasu magungunan mura da na hana amai a tafiya, da giya, duk suna ƙara sakin naman maƙogwaro ko su hana ƙwaƙwalwa farkar da kai da wuri idan numfashi ya tsaya. Haɗa su da barci babu na'ura a cikin jirgi haɗari ne.

Idan duk da haka ta lalace ko ta ɓace a hannun kamfani fa?

Kada ka bar filin jirgin sai ka je teburin kaya an cike maka takardar rahoto, ka karɓi kwafi da lamba, ka ɗauki hotuna. A tafiyar ƙasa da ƙasa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki a yawancin hanyoyi: kwana 7 gare ka ka shigar da ƙorafi a rubuce idan lalacewa ce, kwana 21 idan jinkiri ne, kuma diyyar tana da iyaka, wadda aka ɗaga a ƙarshen 2024 zuwa 1,519 na ma'aunin kuɗin Asusun Lamuni na Duniya, kimanin dala 2,000, a kan dukkan kayanka. A tafiyar cikin gida ta Amurka, ana lissafa diyyar kayan taimakon lafiya ne da kuɗin da aka saye su. Ko ta wace hanya za a nemi rasit, don haka hotonsa ya kasance a wayarka. Kafin a warware, ka nemi kantin kayan asibiti ko asibitin da ke da sashen barci a garin da ka sauka, ka nuna takardar lambar iskarka. A manyan birane da dama ana ba da hayar na'urar na mako ko wata.